Kuskuren La'asar

Aikin farko da aka ba ni a kamfanin da ke ƙera gem, wato wasan kwamfuta, shi ne in kalli ƙafafu. Aka zaunar da ni gaban allo, aka ɗora mini tsofaffin bidiyoyin ƙwallon Amurka, aka ce duk inda mai jifa ya saki ƙwallo in tsayar da hoton, in duba inda ƙafarsa ta baya take. Ban da ƙwallon, ban da mai cafewa, ƙafa kawai. Ina da digiri a lissafi daga gida, ga na biyu a kimiyyar kwamfuta da na gama a nan Greensboro, amma ban taɓa kallon wasan nan daga farko har ƙarshe ba. Na ɗauka irin gwajin da ake yi wa baƙo ne, a ga ko zai yi ƙorafi. Ban yi ba.

Ina rubuta wannan ne saboda ku matasanmu da kuke tare ni a bakin masallaci ko wurin suna kuna cewa, "Yaya Nura, da gaske an taɓa ɗaukarka aiki don ka riƙa buga gem?" Ba na jin haushi. Mahaifiyata ma, lokacin ina kamfanin, in an tambaye ta a Kano me nake yi a Amurka, cewa take, "Aikin wasa." Mutane su ce Allah Ya shirya. Zan faɗi abin da na sani, kuma ba zan ce haka yake a ko'ina ba, don kamfani ɗaya na yi wa aiki, ƙarami, kuma a sashe ɗaya.

Ga waɗanda ke gida: ƙwallon Amurka ba da ƙafa ake yawan buga ta ba, kuma siffarta ta fi kama da gwanda. Akwai mutum ɗaya a kowane ɓangare da ake kira kwatabak, shi ne mai jifa. Ana miƙo masa ƙwallon, ƙatti suna rugowa su danne shi, shi kuma kafin su iso zai jefa ta ga abokinsa da ke gudu can nesa. Ba inda abokin yake zai jefa ba, inda zai isa. Ko gwanayen duniya suna kuskurewa, kuma ba kaɗan ba. Sashenmu shi ne na wannan kuskuren. A Turanci kalma daban ce ga ɓarakar da ke cikin manhaja, daban ga jifan da bai samu ba. Mu kuwa kalma ɗaya ce: maharbi ya kuskure barewa, ɗalibi ya yi kuskure a jarrabawa. Shi ya sa in an matsa mini nakan ce da safe ina cire kuskure, da rana ina sakawa.

Kayan aikin ba su da yawa. Kwantirola, wato abin da ake riƙewa ana dannawa a buga gem, wadda maɓallanta suka suɗe, fili na gwaji a cikin kwamfuta wanda babu 'yan kallo babu kiɗa, sai wani shafi cike da ma'aunai da ake ja sama ko ƙasa. Za ka yi jifa ɗaya, ka sake, ka sake, har babban yatsanka ya yi kanta, ka ɗan taɓa ma'auni, ka koma farko. Wanda yake son gem don daɗi, wata ɗaya a wannan kujera zai raba shi da ita.

Hanyar da na tarar ana bi mai sauƙi ce. Ana zana da'ira kewaye da inda aka nufa, sai kwamfuta ta yi ƙuri'a ta zaɓi inda ƙwallon za ta faɗi a ciki. Gwani da'irarsa ƙarama, na baya tasa babba. A lissafi babu laifi. Amma a ido, mutum ne zai tsaya cak, ya yi jifa mai kyau kamar a littafi, ƙwallon kuma ta yi nata wuri kamar an yi mata kiranye. Mai wasa ba ya ganin dalili, sai ya ce gem ɗin ta cuce shi. Kuma ina jin yana da gaskiya.

Wanda ya sa ni kallon ƙafafu wani dattijo ne, baƙar fata, da kowa ke kira Koci. Ya daɗe yana horar da 'yan sakandare wajen McLeansville kafin kamfanin ya ɗauko shi. Shi ya nuna mini cewa kuskure yana da alƙibla. In mai jifa bai dasa ƙafar baya ba, ƙwallon takan tashi sama ta wuce kan mai cafewa. In ya ga ƙato na tahowa ya yi gaggawar saki, takan nutse ƙasa. In ya gaji, kafaɗa ce take fara sauka. Ba kullum muke yarda da juna ba. Shi ya yi imani iska tana ɓata jifa fiye da yadda bidiyoyin suka nuna mini, muka yi ta ja har aka raba mana, kowa ya saki rabi. Amma a kan babban abu bakinmu ɗaya: a bar mai wasa ya ga kuskuren a jikin ɗan wasansa kafin ƙwallon ta bar hannu. In ya gani, zai zargi kansa, ya gyara.

Ba a nan gizo yake saƙar ba. Motsin jikin 'yan wasan cikin gem daga jikin mutane na gaske ake ɗauko shi, kuma namu kamfanin sayowa ya yi a shirye daga wani wuri. Duk jifan da ke ciki mai kyau ne. Babu wanda ya taɓa damuwa ya ɗauki mummuna. Don haka muna bukatar mutumin da ya iya jifa, ya zo ya kuskure mana.

Ni na kawo Habibu. Ɗan Alhaji Isufu ne, mutumin Maraɗi mai filin sayar da motoci a Gate City Boulevard, inda kusan kowannenmu ya sayi motarsa ta farko. A nan aka haifi Habibu. Ya yi kwatabak a wata ƙaramar kwaleji, manyan ƙungiyoyi ba su ɗauke shi ba, ya dawo filin mahaifinsa yana nuna wa mutane motoci. Alhaji bai taɓa zuwa kallon wasansa ba ko sau ɗaya. Ba don ƙiyayya ba, shi dai bai ɗauki abin a bakin komai ba.

Na same su a ɗan ofishin filin, na yi bayani a hankali, na ƙara da cewa ban tabbata za a yi amfani da duk abin da aka ɗauka ba.

"Bon," in ji Alhaji, da Faransancinsu na Nijar. "Injiniya, bari in gane. Yaron nan ya yi shekaru a lakkol yana koyon jifa. Yanzu ka zo ka ɗauke shi ya je ya kuskure?"

"Kusan haka ne, Baba."

"To ai da ni ka ɗauka. Ni ko makulli na jefa wa mutum, a ƙarƙashin mota ake nemo shi."

Habibu yana jin Hausa sarai, amma da Turanci yake amsawa. Ya tambaye ni abu ɗaya: in gem ɗin ta fito, za a gan shi a ciki? Na ce jikinsa za a gani, ba fuskarsa ba, ba sunansa ba. Ya dubi mahaifinsa, ya ce ya yarda.

A wani fili muka yi aikin, bayan gidan wani abokin Koci a McLeansville, inda babu komai sai ciyawa da shinge. Aka sa wa Habibu riga da wando masu kama jiki, da ƙananan na'urori a kowace gaɓa, ni kuma ina zaune ƙarƙashin laima da kwamfuta, ina ganin ƙwarangwal ɗinsa yana motsi a allo. Koci ya tsayar da mai cafewa can gaba, ya ce, "Jefa ta wuce kansa." Habibu ya jefa ta wuce. Muka duba, sai ga shi kamar ɗan dirama da aka ce ya faɗi: ya shirya, ya auna, ya kuskure daidai inda aka ce. Jikinsa tsaf. Wato bai kuskure ba ke nan, wani wurin ya nufa kuma ya samu. Ranar muka koma hannu rabbana.

Abin da muka koya shi ne ba a yin kuskure da gangan. Dole mutum ya nufi samu da zuciya ɗaya, wani abu ya hana shi. Sai muka koma muna hana shi. Muka tsoma ƙwallo a bokitin ruwa. Koci ya riƙa bangazarsa da katifar atisaye daidai lokacin saki. Ni aka ba ni doguwar sanda da aka ɗaura wa matashin kai a baki, ina rugowa ina kaɗa masa a fuska. Ku da kuke ganin aikin zama ne a sanyi, da kun gan ni da digiri biyu ina bin mutum da matashi a tsakar rana, wataƙila da kun sake tunani.

Azumi ya same mu a tsakiyar aikin, kuma lokacin zafi ne. Na ce a ɗage aikin, Habibu ya ƙi, ya ce ya buga wasa da azumi tun yana sakandare. A nan muka samu abin da bokiti da matashi suka kasa ba mu. Bayan mun yi sallar la'asar a gefen mota, in ya koma fili, kafaɗarsa takan sauka kaɗan, ƙafar baya takan makara, ƙwallon ta faɗi gaban mai cafewa da taku ɗaya. Shi bai ma san yana yi ba. In ya ga ta faɗi sai ya kaɗa yatsun hannunsa kamar wanda ya taɓa tukunya mai zafi, ya ja ƙafa ya koma. Koci ya tambaye ni sunan wannan sallar, na faɗa masa. Daga nan duk ofishin, har Turawan da ba su san me ake nufi ba, "lasar" suke kiran jifan gajiya.

Wata rana, muna shirin tashi, Habibu ya ce a bar na'urar a kunne. Ya tura mai cafewa can ƙarshen fili, wajen shinge. Ya ja baya, ya dasa ƙafa, ya saki. Ban san wasan sosai ba har yanzu, amma na san ban taɓa ganin abu ya tafi a iska haka ba, ba rawa ba karkace, ya sauka a hannun mutum ba tare da ya rage gudu ba. Koci ya cire hularsa ya mayar.

"Yaya Nura, wannan zai shiga?" in ji Habibu.

"Ina jin zai iya shiga," na ce. "Zan tambaya. Amma ban yi alkawari ba."

Na tambaya, kuma na sake tambaya. Amsar tana da hujja: jifa masu kyau da aka sayo duk tsawonsu ɗaya ne, an gina komai a kansu, in aka sa na Habibu sai an kwance abubuwa da yawa. Aka ce a bari sai gem ta baɗi. Haka ta wannan shekarar ta fito: duk kwatabak da ya yi jifa mai kyau, jikin wani ne da ba mu sani ba. Duk wanda ya kuskure, Habibu ne.

Na yi fargabar ranar da Alhaji zai gani. Habibu ya haɗa gem ɗin da talabijin ɗin ofishin filin motoci, ya zaɓi wasa cikin ruwan sama, ya bari ɗan wasansa ya gaji. Jifa na farko ya samu, Alhaji yana danna waya. Na biyu ya samu. Na uku ya nutse ƙasa, ƙaton Baturen da ke allo ya kaɗa yatsu, ya ja ƙafa. Alhaji ya ajiye wayar.

"Kai, mayar da shi baya."

Aka mayar.

"Wannan ai Habibu ne. An sa masa fatar Nasara, amma shi ne. Haka yake jan ƙafa tun yana yaro in an aike shi." Ya matso da kujera. "Kuma wannan kaɗa hannun ba nasa ba ne, na mahaifina ne, Allah Ya jiƙansa. In ciniki ya ɓaci haka yake yi. Sake kuskurewa in gani."

Daga ranar tele ɗin, kamar yadda yake kiransa, ba ya mutuwa a ofishin. Mutum zai zo duba mota, Alhaji ya zaunar da shi ya ce, "Tsaya ka ga ɗana." In jifa ya samu sai ya yi tsaki. In ya faɗi ƙasa sai ya ce, "Wala, ga shi nan." Har ya fara tambayar Habibu dokokin wasan, abin da bai taɓa yi ba lokacin da yaron yake bugawa da jikinsa.

Yanzu sai masu sayen gem, waɗanda su ne iyayen gidanmu na gaskiya. Shekara da shekaru suna rubutu a intanet cewa suna son wasa mai kama da gaske. Ina jin da gaske suke, sai dai kowa yana son gaskiyar ta faɗa a hannun abokin karawarsa. Akwai waɗanda suka gane abin da muka yi, suka koyi tsayar da ɗan wasansu ya dasa ƙafa kafin su danna, suka rubuto suna yabo. Amma ba su ne masu ƙara ba. Masu ƙara su ne masu karawa da juna ta intanet, ana kallonsu. Mutum zai yi gudu da baya, ya yi jifa yana faɗuwa, ta ƙi zuwa, sai ya yanko wurin ya watsa, ya ce gem ta lalace. Wani ya haɗa kuskuren la'asar da yawa a jere ya sa musu kiɗan barkwanci. Na roƙi Allah kada Habibu ya gani. Ya gani.

Wannan ita ce mummunar shekararmu. Aka kira taro, aka nuna mana mutane suna barin gem ɗin. Koci ya ce a ba su lokaci su koya. Ni na kawo abin da na auna, cewa 'yan wasanmu ba su fi na gaske kuskurewa ba, wataƙila ma ba su kai su ba. Aka ce an yarda, amma ba wanda yake sayen gem don a tuna masa cewa bai iya ba. Ban ce shugabannin ba su da hujja ba. Kamfani ƙarami ne, mutane da yawa suna ci daga gare shi. Aka fara da faci, irin gyaran da gem ke saukewa da kanta, aka rage kuskuren. Ƙorafi bai tsaya ba, aka sake wani. A na ƙarshe aka mayar da tsohuwar da'ira, aka matse ta har ta kusa zama ɗigo, aka cire motsin Habibu gaba ɗaya don rage nauyi. Ba a sabunta wa Koci kwantiragi ba. Ni aka mayar da ni gwajin maɓallan shafin farko, daga baya na bar wurin. Yanzu manhajar wani kamfanin jigilar kaya nake gwadawa, inda duk kuskure cirewa ake.

In ɗayanku yana son sana'ar nan, ba zan hana shi ba. Sana'a ce ta gaske, tana son ido da haƙuri. Sai dai ya sani abin da ya gina ba a hannunsa yake ba, ba ma a hannun wanda ya saya ba. Tela in ya ɗinka riga, tana nan ko an daina yayinta. Namu kuwa da safe ɗaya ake sauke faci, abin ya zama kamar ba a taɓa yi ba.

Na faɗa wa Habibu kafin facin ƙarshe ya sauka. Ya ce zai faɗa wa mahaifinsa, na bar masa, don magana ce ta ɗa da uba. Talabijin ɗin ofis kuma ba a haɗa shi da intanet ba, don haka can abin ya ci gaba yadda yake, har na'urar gem ɗin ta lalace, Habibu ya sayi sabuwa ya kai gida, inda ta sauke facin da kanta.

Da Babbar Salla Alhaji ya tara mutane a gidansa da ke Sedgefield, har da baƙi da suka zo daga Nijar. Bayan an ci nama ya ce a kunna tele, yau 'yan'uwansa za su ga ɗansa. Habibu ya dube ni daga bakin ƙofar kicin, a nan na gane bai faɗa ba. Ya karɓi kwantirola ya yi jifa, ta samu. Ya sake, ta samu. Baƙi suka fara, "Masha Allah, yaron ya iya." Alhaji ya ce su dakata, ba a zo wurin ba tukuna.

"Miƙa wa Injiniya. Shi ya ƙera abin. Nura, sa shi ya kuskure."

Na karɓa. Na sa ruwan sama, na sa iska, na zaɓi mafi raunin kwatabak a gem ɗin, na gudu da shi har ya gaji, na sa ya juya baya, na saki yana faɗuwa. Ƙwallon ta tafi ta sauka a hannun mai cafewa kamar an miƙa masa. Falo ya ɗauki tafi. Wani dattijo ya kamo hannun Habibu yana girgizawa, yana sa masa albarka, yana cewa irin wannan hannu ai gado ne. Habibu ya sunkuyar da kai. Na sake gwadawa. Sau ɗaya ƙwallon ta ɗan kauce, amma ɗan wasan ya tsaya ƙyam kamar soja, ba kafaɗa ba ƙafa.

"Ku daina yi mini barka," in ji Alhaji. "Wannan ɗan wani ne."

Ya juyo gare ni.

"Ina kuka kai shi?"

Na yi masa bayanin faci iya yadda zan iya, da masu ƙorafi, da taron da aka yi. Ya saurara har na gama.

"Bon. Za a iya mayar da shi?"

"To, Baba, ya danganta. In har kamfanin bai goge abin da muka ɗauka ba, kuma in wata shekara aka sake shawara, wataƙila..."

"Nura." Bai ɗaga murya ba. "Yau ɗaya dai, ka ce mini e ko a'a."

Na ce a'a.